Haramin Kakanmu da Rigar Balbela

Ku ukun nan, Habibu da Maryama da Zainabu, kun tashi da zancen cewa kawunku Sale mutum ne mai riƙo. Da kunnena na ji, ranar sunan ɗan Habibu, ku matan biyu kuna bayan ɗaki kuna wanke kwanuka, Maryama tana cewa wane irin wa ne zai shekara kusan ashirin bai taka gidan ƙanwarsa ba. Kuka yi ta tofa albarkacin bakinku. Ni kuwa ina tsaye da tire a hannu, na juya na koma cikin mata ban ce uffan ba. Yin shiru a inda ya kamata in yi magana tsohuwar sana'ata ce, ta ma girmi ɗinkin da kuka san ni da shi. Yanzu da idona ya daina ganin kafar allura, hannuna kuma bai iya zama haka nan ba, na ɗauki biro in faɗa muku abin da ya faru, don kada in mutu in bar ku kuna zagin mutumin da ya rufa mini asiri.

Ni ba tela ba ce. Ban taɓa kafa shago ba, ban kuma taɓa yi wa bare ɗinki ba. Keken ƙafa ne babanku ya sayo mini daga Kusiri, garin da ke tsallaken kogi, shekarar da na haifi Habibu, na ajiye shi a rumfar tsakar gidanmu na unguwar Amriguébé, daga nan dangi suka shiga uku da kyautata. Jariri bai isa ya zo duniya a zuriyarmu ba sai na yi masa hula da 'yar riga. Yarinya ta fara wayo, in cusa mata 'yar tsana da guntayen atamfa, in yi mata ido da maɓalli. Yaro ya yi nisa a karatu, in ɗinka masa gafakar Alƙur'ani. Amarya kuwa rigar matashi biyu, da sunanta a jiki da jan zare, ko tana so ko ba ta so. Kayan Sallarku ba su taɓa kwana a shagon tela ba. In mata suka ce, “Hannun Rakiya ba ya kuskure,” sai in sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali kaina ya kumbura ya kusa fin ƙarfin ɗankwali. Ina son yabon nan fiye da yadda ya kamata, kuma ban taɓa yarda wani ya ga ɗinkina da ya lalace ba.

Sai kuma zancen akwati. Kakanmu ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, shi da matarsa da jaki ɗaya, da niyyar Makka. Da suka iso nan, tun garin ana kiransa Fort-Lamy, guzuri ya ƙare, matar kuma ga tsohon ciki, ya ce bari a yi damina ɗaya a huta. A daminar nan aka haifi Baba. A nan kakan ya tsufa yana sayar da goro, a nan aka binne shi. Abin da ya bari shi ne haraminsa, fararen mayafai biyu da mahajjaci yake ɗaurawa. Mahaifiyarsa ce ta kaɗa audugar da hannunta, ta saƙa su a masaƙar mata mai faɗi don kada a sami haɗi ko ɗaya, tunda a wajenmu an yarda allura ba ta taɓa harami. Baba ya gaje su a cikin akwatin ƙarfe. Kowace shekara, ranar da alhazai za su tashi, sai ya buɗe akwatin, ya warware mayafan, ya sa a turara su da turaren wuta, ya ninke da kansa, ya mayar, ya ce, “Baɗi, in Allah Ya so.” Ba gidanmu kaɗai ba ne, a unguwar akwai tsofaffi da dama masu irin wannan akwatin.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce na tsani mayafan nan. Saboda su Baba bai taɓa yarda cewa nan gida ne ba. In Innarmu ta ce a sa kwano a rufin ɗaki, sai ya ce, “Mu baƙi ne, kan hanya muke.” In ta ce a dasa ko dalbejiya ce don inuwa, amsar ke nan. Mutumin da aka haifa a garin, wanda Larabcin kasuwa ya fi zama a bakinsa fiye da na masu garin, amma wai baƙo ne. Innarmu ta rasu a ɗakin da muke jera kwanoni muna tarar yoyo. Ina ƙaunar Baba, Allah Ya sani, shi ma bai haɗa ni da kowa ba. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kirana Rakiya ba, sai Uwani. Amma duk ranar da aka buɗe akwatin nan sai in tuna da kwanonin yoyon nan.

Da idon Baba ya mutu, Yaya Sale ya ɗauke shi ya koma da shi gidansa a unguwar Toukra. Wata kaka ruwan kogi ya cika ya shiga gidan, bango ɗaya ya faɗi. Yaya ya ɗauko akwatin a kan babur ya kawo mini, ya ce in ajiye har ya gama gyara, ya miƙa mini ɗan makulli ɗaure da zare. Da lokacin tashin alhazai ya yi, aka kawo Baba gidana ya yi al'adarsa. Ina kallonsa yana bin saƙar da yatsunsa sannu a hankali, tun daga wannan baki har wancan.

“Uwani, kin ji nan?” ya ce. “Nan zaren kakata ya yi kauri. Babana ya ce a nan ta tsaya ta yi kuka, ta san ba za ta sake ganinsa ba.”

“Na ji, Baba,” na ce, hankalina yana kan tukunyar da na bari a wuta.

Ke Zainabu kina da shekara takwas a lokacin. Kin san yadda sikila ta yi da ƙuruciyarki. Lekol ɗinku, wato makarantar boko, suna yin bikin da ake kira fet a ƙarshen kowace shekara, yara su sa kayan wasa su yi rawa gaban iyaye. Shekara biyu a jere ina ɗinka miki kaya, shekara biyu a jere kina kwance a asibiti da ƙarin ruwa a hannu ranar da ake fet ɗin, kayan suna rataye a ƙusa. A shekara ta uku jikinki ya lafa. Metiris ɗinku, wato malamar ajinku, ta shirya wasan makiyayi da shanunsa, ta ba ki balbela, farar tsuntsuwar nan mai bin shanu, don ba rawa ce mai gudu ba. Kika dawo gida kina ɗaga ƙafa ɗaya kina miƙa wuya har a bakin murhu. Na sayo farin yadin auduga, tunda mai santsin nan yana sa miki ƙaiƙayi, na yi mako biyu ina yanka fukafukai ɗaya bayan ɗaya.

Ana gobe fet, bayan azahar, na zuba garwashi a dutsen guga na shimfiɗa rigar. Hadari ya taso ba shiri, na ruga in kwashe shanya. Kafin in dawo dutsen ya ƙone gaban rigar tun daga wuya har ciki, ya bar rami mai baƙin baki. Ruwa kuma ya sauko irin wanda yake mayar da layinmu kogi, ba babur ba mota, kasuwa sai dai a mafarki. Kika tsaya a bakin ƙofa kina kallon ramin. Da kin yi kuka da ya fi mini sauƙi.

“Ba komai, Iya,” kika ce. “Dama na san ni ba na zuwa fet.”

Kada ku ce ba ni da wata hanya, don ina da ita. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga tana da farin yadi a ɗaki, ni na raka ta ta saya. In na ɗaga murya za ta ji, ta miƙo mini ta saman katanga. Amma sai in ce mata me? In ce Rakiya ta ƙona ɗinkinta? Kafin magariba labarin ya gama unguwa. Na zauna a bakin gado, idona ya sauka a kan akwatin. Na ce a raina, kaka bai je ba, Baba ya makance ba zai je ba, Yaya da iyali tara ina zai je? Mutum uku sun ƙare rayuwarsu suna gadin ƙyalle, ga yarinya mai rai da ban san ko za ta ga baɗi ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma har yau ina ganin gaskiya ne. Sai dai akwai wata gaskiyar a ƙarƙashi: lokacin da almakashi ya shiga saƙar nan, na ji daɗi. Na ji kamar na rama wa Innarmu.

Mayafi ɗaya ya zama riga, rabin na biyun ya zama fukafukai. Na taka keke daga la'asar har aka kira magariba, na ƙarasa da hantsin safe, na ɗauraye da bula don farin ya fito. Ban taɓa ɗinki mai kyan wannan ba. Tsohuwar audugar ta yi laushi, ta kwanta miki a jiki, ba ƙaiƙayi ba komai. A filin lekol, cikin taɓo da kujerun roba, yara sanye da ƙahonin kwali suka shigo suna kukan shanu, kika biyo su kina ɗaga ƙafa, kina buɗe fukafukai. Iyaye suka tashi tsaye. Wata mata da ban sani ba ta yi guɗa ta liƙa miki alewa a hannu. Kika hango ni kika manta ke tsuntsuwa ce, kika ɗaga mini hannu. Ban taɓa ganin haƙoranki duka a waje ba sai ranar. Da muka dawo na ninke rigar na sa a ƙasan kayana, na mayar da guntun da ya rage cikin akwati na kulle, na ce a raina kafin tashin alhazai zan san dabarar da zan yi.

Ban yi dabarar komai ba. Damina ta wuce, azumi ya zo ya wuce. Kwana uku bayan ƙaramar Sallah sai ga Yaya Sale da hantsi, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa sabon takalmi. Ko zama bai yi ba.

“Afe, Rakiya? Yara afe?” ya ce, yana tambayar lafiya da Larabcin garin. “Ɗauko akwati. Halas, an gama. Na sayar da gonar bakin kogi, na biya mana kujera biyu, ni da Baba. Bana za a ɗaura haramin nan.”

Ashe shekara shida yana wannan shiri bai faɗa wa kowa ba, don kada ya sa wa tsoho rai abin ya ƙi. Na shiga ɗaki na ɗauko rigar balbela da guntun, na ajiye a gabansa a kan tabarma. Ya ɗaga fiffike ɗaya, ya juya shi, ya dubi layin ɗinkin.

“Ke kika yi wannan?”

“Ni ce, Yaya.”

“Da saninki?”

“Da sanina.”

Na zaci zai mare ni, kuma da ya yi da na gode masa. Ya dai zauna a ƙasa, babban mutum da furfura a gemu, ya rufe fuska da hannu biyu. Can ya ce, “Jiya da na faɗa wa Baba, bai tambayi jirgi ba, bai tambayi rana ba. Cewa ya yi, a je a ɗauko kayan babana.” Ya miƙe ya karkaɗe riga. “Zan nemo saƙar hannu a wajen masu kawowa daga Najeriya. Zan turara ta, in sa a akwati, in riƙe makulli har mu isa miƙati, inda ake ɗaura harami. Ke kuma ki je ki faɗa masa da bakinki kafin mu tashi, ko ki yi shiru. Wannan ke ta shafa, ba zan tilasta miki ba.”

Wata biyu nake da su. Sau huɗu na je Toukra da niyyar faɗa wa Baba. Kowane zuwa da kyauta a hannuna, don ban iya zuwa hannu rabbana ba: na ɗinka masa jakar rataya ta zuba takardu, na yi masa 'yar jakar tsakuwar jifa, na yi masa matashin wuya don zaman jirgi. Sai ya shafa ɗinkin ya ce, “Hannun Uwani ke nan,” ya sa mini albarka, ni kuma in haɗiye maganata in sha shayi in dawo. Ranar tafiya, da safe, gidan ya cika da 'yan rakiya. Baba ya sa aka kira ni ɗakinsa. Yana zaune a bakin gado, akwatin yana gefensa a kulle, hannunsa a kan murfin.

“Uwani, ki yafe mini,” ya ce. “Na san kin ji haushina a kan innarki. Da gaskiyarki. Na hana ta inuwa saboda ina jin in na dasa itace na ci amanar babana. To ga shi zan sauke masa nauyin. In na dawo, ke za ki zaɓi itacen da za mu dasa.”

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, “Allah Ya kai ku lafiya, Baba.” Yaya ya juya ya fita ya hau ɗaure kaya.

Baba bai dawo ba, wannan kun sani. Ya yi Arfa, ya yi jifa, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu kwana biyu kafin a fara dawowa, aka binne shi can. Mutane suka yi ta cewa ya dace, kuma ina fatan haka ne. Yaya ya dawo shi kaɗai, ya rame, aka yi zaman makoki a Toukra. Ranar da aka share makoki, da jama'a suka watse bayan la'asar, ya kira ni bayan gida inda yake ɗaure awaki. Bai dube ni ba, igiyar akuya yake warwarewa yana sake ɗaurawa.

“A miƙati na buɗe akwatin na miƙa masa,” ya ce. “Ko warwarewa bai gama ba. Ya bi bakin da yatsa sau ɗaya, ya sake bi, yana neman wurin nan mai kauri. Ya ce, Sale, wannan ba na babana ba ne. Ina na babana?”

“Me ka ce masa, Yaya?”

“Na ce ruwan da ya shiga gidana ne ya ci shi. Na ce na yi sakaci na bar akwatin a ƙasa, ya ruɓe, na ɓoye masa.”

“Amma ai bayan ruwan ya taɓa shi a gidana. Ya san lafiyarsa ƙalau.”

“Ya sani. Shi ya sa ya ce ƙarya nake yi. Ya ce sayarwa na yi wa masu neman kayan da, na cika kuɗin kujera da shi.” Ya ja igiyar har akuyar ta yi kuka. “Ban musa ba. In na musa, saura mutum ɗaya ke nan da makulli ya taɓa zama a hannunsa.”

Na durƙusa a cikin kashin awaki na kama ƙafarsa. Ya janye a hankali, ba da faɗa ba.

“Ni na goya shi a Safa da Marwa, Rakiya. Ni na riƙe hannunsa ya yi jifa. In zai nemi ruwa sai ya ce, kai, ba ni ruwa. Tun daga miƙati bai sake kiran sunana ba. Da ciwo ya yi tsanani na ce, Baba, ka yafe mini. Ya juya fuska bango. Abin da ya ce na ƙarshe shi ne, a gaya wa Uwani jakarta ta yi mini amfani, Allah Ya yi mata albarka.” Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. “To na isar da saƙo. Na yafe miki don Allah, ba na so a tsayar da ke gobe saboda ni. Amma kada ki nemi in zauna a gidanki in ci tuwo ina jin ƙarar keken nan. Ba zan iya ba.”

Bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa. Babanku ya rasu yana ganin surukinsa ne mai baƙin hali, na bar shi a haka. Ke Zainabu, kada ki ɗauki ko ƙwayar wannan ki ɗora wa kanki. Ba ki roƙe ni ba, ba ki sani ba, kuma in aka ce in mayar da ranar nan da kika yi rawa, ban san abin da zan ce ba, shi ya sa har yau tubata ba ta zauna mini daidai ba. Na ci gaba da ɗinki bayan haka, kun gani, hula da 'yar tsana da rigar matashi. Kowace Sallah ina aika wa jikokinsa nasu, yana karɓa, yana aiko da godiya ta bakin yara.

Albarkar da Baba ya aiko mini da ita daga gadon mutuwarsa ta Sale ce. Shi ya sayar da gonarsa, shi ya goya shi, shi aka juya wa baya, ni kuma na karɓa na zauna a kanta shekara ashirin, ina amsa gaisuwar mutane a matsayin 'yar da ubanta ya mutu yana yabo. Ba ni da hanyar mayar masa da ita, wanda zai iya gyarawa yana kwance a Makka. Abin da ya rage a hannuna shi ne sunansa a bakinku. Jumma'a mai zuwa, in Allah Ya kai mu, Habibu zai kai ni Toukra, ku biyun ma ku shirya. Zan tara matarsa da 'ya'yansa da ku, in karanta wannan takarda da bakina, shi yana zaune. Na san zai ce in bari, ya wuce. Ko ya ce, kada wanda ya karɓe takardar daga hannuna sai na kai ƙarshe.